Pierre Latreille: Fursunan da ƙwaro ya ceci ransa, ya fito ya tsara wa ƙadandoniya dangi

A maƙabartar Père Lachaise da ke Paris, babban birnin Faransa, akwai wani kabari da aka kafa wa dogon dutse mai tsini. Cikin rubuce-rubucen da aka sassaƙa a jikin dutsen har da sunan wani ɗan ƙwaro da bai fi ƙwayar shinkafa girma ba, kuma an bayyana shi a matsayin wanda ya ceci ran mai kabarin.

Mai kabarin shi ne Pierre André Latreille, masanin ƙwari ɗan ƙasar Faransa, wanda ya rayu daga 1762 zuwa 1833. Shi ne ya fara raba ƙwari da makamantansu dangi-dangi, tsarin da masana kimiyyar dabbobi ke bi har gobe.

Ƙadandoniya na cikin halittun da suka ci moriyar aikinsa. Kafin zuwansa, a cakuɗe take da kunama da ƙaguwa da ƙuma a littattafan masana, ba don sun haɗa wani abin kirki ba sai don dukkansu ba su da fuka-fukai.

Mutumin da ya nema wa dubban halittu dangi, shi kansa ya tashi ba uwa ba uba, kuma sai da ya kai shekara 50 kafin hukuma ta tabbatar masa da sunan da yake amsawa.

Tashi a hannun mutane

An haifi Latreille a watan Nuwamba na 1762 a garin Brive da ke yankin Limousin. Ba ta hanyar aure aka same shi ba. Mahaifinsa babban mutum ne, janar ɗin soja mai sarautar Baron d'Espagnac, amma bai taɓa amsa cewa ɗansa ne ba. Mahaifiyarsa kuwa ta bar shi tun yana jariri.

Sunan Latreille ma ba na gado ba ne. Laƙabi ne da ya bi shi tun yarinta, sai a 1813 aka amince da shi a hukumance.

Wasu masu hali a Brive ne suka riƙe shi, da farko wani likita, daga baya wani ɗan kasuwa. A 1778, yana ɗan shekara 15 zuwa 16, masu kula da shi suka kai shi Paris, inda ya shiga kwalejin Cardinal Lemoine.

A wancan zamani, yaro mai ƙwaƙwalwa wanda ba shi da gado ba shi da gata, hanyar da ta fi buɗe masa ita ce aikin coci. A 1780 ya shiga makarantar horar da limaman Katolika da ke Limoges, ya kammala a 1786.

Sai dai zuciyarsa tana wani wuri. Tun yana Paris yake yawan zuwa lambun sarki, inda ake tara tsirrai da dabbobi domin nazari, yana kuma yawo a bayan gari yana kama ƙwari. Malaminsa René Just Haüy ya koya masa ilimin tsirrai, kuma ta hanyarsa ya san Jean-Baptiste Lamarck, masanin da daga baya zai zama maigidansa na tsawon shekaru.

Da ya koma Brive, ƙwari ne suka cinye mafi yawan lokacinsa. Ya ɗan yi shekaru yana sa hannu a wasiƙunsa da laƙabin limami, amma daga baya shi da kansa ya bayyana cewa bai taɓa gudanar da aikin limanci ba.

Rantsuwar da ta kai shi kurkuku

A 1789 juyin juya hali ya ɓarke a Faransa. Shekara guda bayan haka sabuwar gwamnati ta yi dokar da ta mayar da coci ƙarƙashin ikonta, ta kuma wajabta wa kowane limami ya yi rantsuwar biyayya. Limamai da dama sun ƙi.

Latreille bai yi rantsuwar ba. Lamarin ya ƙara muni bayan an kashe Sarki Louis na 16 a watan Janairun 1793, aka shiga farautar duk wanda ake zargi da adawa da sabon tsarin. A watan Nuwamba na shekarar aka kama shi, daga baya aka tura shi kurkuku a Bordeaux, birnin da ke da tashar jiragen ruwa.

Hukuncin da ke jiran limamai irinsa shi ne kora zuwa Giyana, yankin mulkin mallakar Faransa a Kudancin Amurka, wurin da zazzaɓi ke kashe waɗanda aka kai ba tare da ɓata lokaci ba.

Wata rana likitan gidan yarin ya shiga duba fursunoni, sai ya tarar da Latreille ya duƙufa yana nazarin wani ɗan ƙwaro da ya gani a ɗakin. Abin ya ba likitan mamaki, ganin mutumin da mutuwa ke jira ya shagala da ƙwaro. Latreille ya yi masa bayanin cewa irin wannan ƙwaro ba kasafai ake samunsa ba.

Likitan ya ɗauki ƙwaron ya kai wa wani matashi ɗan shekara 15 mai sha'awar nazarin halittu, Jean-Baptiste Bory de Saint-Vincent. Yaron ya riga ya san sunan Latreille daga rubuce-rubucensa. Nan da nan ya shiga bin manya, har ya samu aka saki Latreille tare da wani abokin zamansa na kurkuku.

Sauran fursunonin ba su tsira ba. Labarin da ya shahara shi ne, jirgin da ya kwashe su ya nutse a mashigar kogin Gironde tun bai yi nisa ba. Latreille dai yana da sauran shan ruwa a gaba. Shi da Bory sun ci gaba da abota har ƙarshen rayuwarsa.

Sunan ƙwaron a kimiyyance Necrobia ruficollis. Ɗan ƙarami ne mai jan wuya, da fuka-fukai masu ƙyallin shuɗi, kuma abincinsa mushe da busasshen nama da fata. Yana da ɗan'uwa mai jajayen ƙafafu, Necrobia rufipes, wanda ke cikin ƙwarin da ke ɓata busasshen kifi a kasuwannin Afirka ta Yamma.

Littafin da ya buga da kuɗin aljihunsa

Bayan fitowarsa, Latreille ya koma koyarwa domin ya samu na abinci, yana kuma musayar wasiƙu da masana ƙwari. Babba a cikinsu shi ne Johan Christian Fabricius ɗan ƙasar Denmak, wanda shi ne ya fara bayyana ƙwaron nan na kurkuku tun a 1775.

Da ƙarfafawar Fabricius, a 1796 Latreille ya buga littafinsa na farko mai muhimmanci, Précis des caractères génériques des insectes, wanda ya taƙaita siffofin gidajen ƙwari. Da kuɗinsa ya buga shi.

Domin gane abin da littafin ya kawo, sai an dubi yadda ake tsara halittu kafinsa.

Carl Linnaeus ɗan ƙasar Suwidin, wanda ya kafa tsarin bai wa kowace halitta suna biyu na Latin, matakai huɗu ya yi amfani da su wajen dabbobi. Akwai aji, wanda shi ne babba. A ƙarƙashinsa akwai rukuni, sai gida, sai kuma nau'i, wato halitta iri guda.

Matsalar ita ce tsakanin rukuni da gida akwai tazara mai yawa. Rukuni ɗaya kan ƙunshi gidaje masu ɗimbin yawa, ba tare da wani abu da ke nuna waɗanne ne suka fi kusanci da juna ba. Kamar a ce an san sunan gari an san sunan kowane gida, amma ba a san gidajen da suka fito daga kaka ɗaya ba.

Wannan gurbi Latreille ya cike da matakin dangi. Masu nazarin tsirrai sun riga sun san kalmar, domin Pierre Magnol ya yi amfani da ita tun a 1689, amma Latreille ne ya shigo da ita fagen dabbobi a matsayin mataki tsakanin rukuni da gida. A littafin na 1796 wasu dangogin ko suna bai ba su ba, sai a ayyukansa na gaba ya raɗa musu.

Ya kuma canza hanyar tantancewa. Linnaeus fuka-fukai ya fi dubawa wajen raba ƙwari. Fabricius kuwa sassan baki ya riƙe. Latreille ya ga cewa siffa ɗaya tak kan yaudari mutum, don haka ya riƙa haɗa siffofi da yawa, baki da ƙafafu da fuka-fukai da gaɓoɓin jiki, kafin ya yanke cewa halittu biyu 'yan'uwa ne.

Yadda ya warware ruɗanin ƙadandoniya

A bugu na 10 na littafinsa Systema Naturae da ya fito a 1758, Linnaeus ya lissafa nau'i bakwai na ƙadandoniya, ya zuba su a gida ɗaya mai suna Julus. Gidan kuma ya saka shi a rukunin ƙwari marasa fuka-fukai, tare da kwarkwata da ƙuma da kaska da gizo-gizo da kunama da ƙaguwa.

A 1802 Latreille ya fara fitar da babban aikinsa kan ƙwari da dangin ƙaguwa, wanda ya kai mujalladi 14 kafin ya kammala a 1805. A nan ya tabbatar da sunan Myriapoda ga halittu masu dogon jiki da ƙafafu barkatai. Kalmar Girkanci ce da ke nufin ƙafa dubu goma.

A cikinsu ya ware ɓangaren ƙadandoniya, ya kira shi Chilognatha, saboda sassan bakinta na ƙasa sun haɗe sun zama kamar leɓe. A 1817 ya raɗa wa ɓangaren shanshani sunan Chilopoda, wanda ake amfani da shi har yau.

Bambancin halittun biyu ba ƙarami ba ne, duk da cewa mutane kan ɗauke su abu ɗaya. Shanshani yana da ƙafa biyu a kowace gaɓa, yana da sauri, mafarauci ne, kuma ƙafafunsa biyu na gaba sun rikiɗe sun zama abin sara mai dafi. Ƙadandoniya tana da ƙafa huɗu a mafi yawan gaɓoɓinta, tafiyarta a hankali, abincinta ruɓaɓɓen ganye, kuma ba ta cizo. In an taɓa ta sai ta naɗe, ta fitar da wani ruwa mai wari.

Latreille ya kuma kafa sababbin gidaje uku na ƙadandoniya, kuma kowanne ya gyara wani kuskure ne da aka daɗe ana yi.

Na farko shi ne Glomeris, gajeriyar ƙadandoniyar Turai da ke dunƙulewa kamar ƙwallo. A da ana haɗa ta da wata 'yar halitta mai launin toka da ke zama ƙarƙashin duwatsu, wadda ita ma takan dunƙule. Amma waccan ƙafafunta 14 ne, kuma 'yar'uwar ƙaguwa ce da jatan lande. Glomeris kuwa ƙafafunta sun haura 30.

Na biyu shi ne Polyxenus, 'yar mitsitsiyar halitta mai taushin jiki da gashi cunkus, wadda tsawonta bai wuce 'yan milimita ba. Linnaeus ya saka ta a gidan shanshani ne. Latreille ya ciro ta ya kai ta wajen 'yan'uwanta.

Na uku shi ne Polydesmus, ƙadandoniya mai shimfiɗaɗɗen baya, wadda kowace gaɓarta ke da 'yan fiffike a gefe da gefe. Linnaeus ya haɗa ta da masu mulmulallen jiki a gidan Julus.

Waɗannan gidaje uku su ne suka zama tushen dangogi daga baya. William Elford Leach, masani a gidan tarihin Birtaniya, ya kafa dangin Julidae a 1814, sannan ya biyo da Polydesmidae da Glomeridae. Ƙarshen sunan nan na idae, wanda yanzu ke nuna dangi a duk sunayen dabbobi, wani Bature ɗan Ingila, William Kirby, ne ya ba da shawararsa a 1813.

Ba komai Latreille ya cimma daidai ba. Ya daɗe yana lissafa ƙadandoniya da shanshani a cikin ƙwari, alhali ƙwaro na gaskiya ƙafa shida gare shi. Leach ne ya ɗaga su suka zama aji mai zaman kansa. Sunan Diplopoda da ake kiran ajin ƙadandoniya da shi a yau kuwa sai a 1844 ya fito, daga Henri de Blainville, shekara 11 bayan rasuwar Latreille.

Akwai wata ƙa'ida kuma da ya bari. A wani littafi da ya fitar a 1810, ya ware wa kowane gida nau'i ɗaya da zai zama ma'auninsa. Idan masana suka ga dole a raba gida biyu, ɓangaren da ma'aunin yake ciki shi ke riƙe tsohon suna. Wannan ya rage gardama matuƙa, kuma yana cikin dokokin raɗa wa dabbobi suna har yanzu.

Shekara 32 yana jiran kujera

Shahara a ilimi ba ta kawo masa kwanciyar hankali da wuri ba. A 1797 aka sake yi masa ɗaurin talala, aka ƙwace littattafansa. Sai da manyan masana uku, Georges Cuvier da Bernard de Lacépède da Lamarck, suka sa baki kafin aka ƙyale shi.

A 1798 ya samu aiki a gidan adana kayan tarihin halittu na ƙasa da ke Paris, wato tsohon lambun sarkin da yake zuwa yana ɗalibi. Aikinsa shi ne tsara tarin ƙwari da gizo-gizo da ƙaguwa a ƙarƙashin Lamarck.

Muƙamin ƙarami ne, samun ma haka. Rubutu ya riƙe. Tsakanin 1806 da 1809 ya fitar da wani aiki mai mujalladi huɗu da harshen Latin kan gidajen ƙwari da dangin ƙaguwa, wanda da yawa ke ɗauka a matsayin mafi ingancin ayyukansa. Ya rubuta ɗaruruwan maƙaloli a ƙamus ɗin ilimin halittu. Da Cuvier ya fitar da shahararren littafinsa kan duniyar dabbobi a 1817, Latreille ne ya rubuta mujalladin ƙwari da makamantansu gaba ɗaya.

Girmamawa ta riƙa zuwa sannu a hankali. A 1814 ya zama mamba a cibiyar kimiyya ta Faransa, inda ya gaji Guillaume-Antoine Olivier. A 1821 aka ba shi lambar girmamawa ta ƙasa. Fabricius kansa ya ɗauke shi a matsayin na gaba-gaba cikin masana ƙwari na zamaninsu.

Da Lamarck ya makance, Latreille ne ya ɗauki mafi yawan koyarwarsa da bincikensa, amma kujerar farfesa tana hannun maigidan. Lamarck ya rasu a watan Disambar 1829. A 1830 aka raba kujerar gida biyu, aka bai wa Latreille ɓangaren ƙwari da gizo-gizo da ƙaguwa.

A lokacin yana da shekara 67, kuma tun 1824 lafiyarsa ta fara ja da baya. An ruwaito cewa ya kamanta muƙamin da burodin da aka miƙa wa mutum bayan haƙoransa sun zube.

Ƙarshen rayuwarsa

Latreille ya yi aure, duk da alkawarin zaman gwauranci da limaman Katolika ke ɗauka. Ya nemi coci ta warware masa alkawarin, amma ba a taɓa ba shi amsa ba. Matarsa ta rasu a watan Mayun 1830, a shekarar da ya samu kujerar da ya daɗe yana jira.

Saboda rashin lafiya, ɗalibinsa Jean Victor Audouin ne ya riƙa gabatar da laccocinsa. Duk da haka, yana cikin waɗanda suka tsaya aka kafa ƙungiyar masana ƙwari ta Faransa a 1832, aka kuma naɗa shi shugabanta na girmamawa.

A wannan shekara annobar kwalara ta afka wa Paris. A watan Afrilu ya bar birnin ya koma ƙauye, sai a Nuwamba ya dawo. Ya rasu ranar 6 ga Fabrairun 1833 sakamakon ciwon mafitsara, yana da shekara 70.

Bai bar ɗa ko 'ya ba, sai wata 'yar'uwa da ya riƙa a matsayin 'yarsa. Ƙungiyar masana ƙwari ce ta tara kuɗin da aka kafa dutsen da ke kan kabarinsa.

Amfanin da aikinsa ke yi a yau

A yanzu masana sun bayyana nau'in ƙadandoniya sama da 12,000, an raba su rukuni 16 da dangi kusan 140. Rukuni mafi girma shi ne Polydesmida, wanda sunansa ya samo asali daga gidan Polydesmus na Latreille. 'Yan wannan rukuni ba su da idanu, kuma da yawansu kan kare kansu da sinadarin sayanayid, irin gubar da ake samu a ɗanyen rogo mai ɗaci.

Sanin dangi ba aikin masu littafi kaɗai ba ne. Mafi yawan ƙadandoniya amfani suke yi wa ƙasa, domin suna cin ruɓaɓɓen ganye su mayar da shi taki. Amma a gonakin gyaɗa na Senegal da wasu ƙasashen Sahel, masana aikin gona sun daɗe da gano cewa wasu nau'o'i na dangin Odontopygidae kan ci iri da ƙananan tsiro da ɗanyen kwanson gyaɗa. Sai an bambance mai ɓarna da mai amfani kafin a san wadda za a yaƙa.

Har yanzu ana gano sababbi, ana nema musu gurbi a tsarin. A 2021 aka bayyana wata ƙadandoniya mai suna Eumillipes persephone, wadda aka samo a zurfin mita 60 a ƙarƙashin ƙasa a yammacin Ostireliya. An ƙirga ƙafa 1,306 a jikin guda ɗaya. Ita ce ta farko da aka tabbatar ta haura ƙafa dubu, inda ta doke wata ta jihar Kalifoniya a Amurka mai ƙafa 750.

A al'adar masana, ana rubuta sunan wanda ya fara kafa gida ko dangi a bayan sunan, tare da shekara. Duk wanda ya duba dangin ƙudan zuma, Apidae, ko na ƙudan gida, Muscidae, ko na buzuzu, Scarabaeidae, zai ga an rubuta Latreille, 1802. Sunansa ne kuma ke biye da Glomeris da Polyxenus da Polydesmus, sunan da shi kansa bai samu a hukumance ba sai bayan shekara goma da kafa su.